Kwanon kare ma sai an zaɓa

Mu da muke zaune a sabbin unguwannin bayan gari a Zariya, irin wajen da za ka ga gida ɗaya nan, kango biyu can, sai gonar masarar wani a tsakiya, ajiye kare ba gayu bane. Ni ta bayan Zangon Shanu nake, ina da 'yan tumaki da kaji a bayan gida, kuma duk wanda ya taɓa fitowa sallar asuba ya tarar an haura katanga an ɗauke mishi rago ba sai an tsaya ana mishi dogon bayani ba. Karnuka biyu gareni. Duna irin namu ne na gida, baƙi siriri, tun yana ɗan kwikwiyo ƙanena ya kawo shi daga ƙauye. Taiga kuma ruwa biyu ne, ubanshi alsashiyan, irin manyan karnukan Turawan nan, wani abokin aikina da aka ma canji zuwa Abuja ne ya bar min shi saboda gidan hayan da ya samu can ba a yarda da kare ba.

To in ka ce za ka ajiye kare kowa malami ne. Wannan yace ka dinga ɗaure shi da rana don ya yi faɗa da dare, wancan yace kar ka bashi ɗanyen nama, wani yace ka yanke mishi kunne, amma maganar abin da zai ci abinci a ciki ko ya sha ruwa ba wanda ya taɓa min ita, kowa ya ɗauka duk tarkacen da aka gaji da shi a gida shine kwanon kare. Taiga da wata jar roba ya zo, Duna kuma yankakkiyar jarkar mangyaɗa ƙanena ya ajiye mishi, a ciki yake cin tuwo a ciki ake zuba mishi ruwa in ya gama. Haka na gaje su.

Robar nan ta Taiga duk gefenta shatin haƙori ne, in ya gama cin abinci sai ya ɗauke ta ya kai bayan tankin ruwa ya kwanta yana gwaguya, wataran ka ga jajayen gutsattsari a kashinshi. Jarkar kuma komai wankin da aka mata in ka sa yatsa a ƙasan sai ka ji santsi kamar yauƙin kuɓewa, ga wani tsami-tsami da baya fita. Sai kuma ƙuraje suka fara fito ma Taiga a haɓa, ƙanana jajaye, yana ta goga wajen a jikin katanga.

Daidai lokacin allurar haukan kare ta shekara ta zagayo, muka sa shi a Napep ni da ƙanena muka kai shi asibitin dabbobi na ABU a Samaru. Bayan an auna shi an yi allurar na nuna ma likitan haɓar. Ya ɗaga kan karen ya duba da kyau sai yace, "Malam, a me yake cin abinci?" Na fara lissafo mishi tuwo da romon kan kaji da ƙashin da nake samowa kwatar Zango, yace a'a ba abin da yake ci ba, a cikin me. Nace Dakta roba ce. Yace tsohuwa ko? Nace ta ji jiki kam.

Bayanin da ya min kenan a tsaye ɗalibanshi na saurare: roba tana karcewa, haƙori ya karce ta, soso ya karce ta, kuma cikin waɗannan 'yan layukan maiƙo da miyau ke maƙalewa ƙwayoyin cuta su yi gida, santsin nan da ake ji ba ruwa bane ba kuma mai bane, taron ƙwayoyin cutar ne suka yi shimfiɗa, ɗauraya bata fitar da shi sai an goge. Kare kuma duk cin da zai yi haɓarshi na gogar bakin kwanon. Bai ce lallai robar ce ta kawo ƙurajen ba, yace dai ita za a fara cirewa a gani, ya rubuta abin wanke wajen. Sannan ya ja min kunne kan abubuwan da yake ganin mutane na yankawa su ba dabba ruwa a ciki, jarkar maganin feshi, galan ɗin baƙin mai, bokitin fenti, har gidan batirin mota, yace wannan na ƙarshen dalma ce a jikinshi kuma ba wankin da zai sa ka amince da shi. Nace to me zan saya? Yace silba, na abinci daban na ruwa daban, kowane kare da na abincinshi.

Ranar Asabar na shiga kasuwar Sabon Gari layin masu kwanuka. Akwai wani dattijo da madam ke sayayya a wajenshi, ina zuwa bayan gaisuwa yace, "Alhaji na amarya za a haɗa ko na gida ne?" Nace Baba na kare ne. Ya ɗan tsaya yana kallona ya ga ba wasa nake ba sai ya fashe da dariya har ya kira maƙwabcinshi yazo ya ji, yace shi tun tasowarshi kasko ya san ana ba kare, kaskon ma fasasshe. Amma fa ɗan kasuwa ɗan kasuwa ne, yana gama dariyar ya fara sauko min da kaya.

Kwanon samira ya fara miƙo min, irin mai fulawa a jiki. Yana da kyau yana da ɗan nauyi, amma duk wanda ya taso a gidan da ake jere ya san halinshi, sau ɗaya zai faɗi a siminti fentin ya ɓantare wajen ya yi baƙi, daga nan sai tsatsa sai huji, kuma ɓarɓashin da ke ɓantarewa gilas ne a zahiri don da wuta ake narka shi a jikin ƙarfen, ban ga dalilin da zan bar kare yana lasar shi ba. Tangaran ban ma ɗauka ba, Taiga a rana ɗaya zai gama da shi. Akwai na alminiyon marasa nauyi da ke lotsewa da an taka, akwai kuma irin na ƙira masu kauri da ake zubawa da narkakken tarkacen alminiyon, waɗannan nauyinsu ya burge ni sosai don kare ba zai iya ture su ba, sai dai cikinsu kaushi ne da 'yan ramuka, abinci zai maƙale, ga shi baka san me da me aka narka a ciki ba. Na ajiye.

Silban ma ashe kala-kala ne. Wani in ka danna gindinshi da babban yatsa sai ya lotsa yace ɓas ya dawo, wannan ba inda za shi. Wani bakinshi a miƙe yake da kaifi, in ka zagaya yatsa kana jin yana neman yankarka, ka tuna harshen kare zai bi ta wajen kullum. Abin da na tsaya a kai shine mai kauri, mai naɗaɗɗen baki, mai faɗin gindi wanda in ka ajiye shi a ƙasa ka taɓa gefe baya rawa. Irin masu tsukakken gindi da faɗin sama ɗin nan na shan fura ba su yi ba, kare na sa ƙafa a gefe zai kife. Na je da ɗan mayen ƙarfe da na cire a tsohuwar sifika saboda silba mai kyau, wanda ake buga ma 304 ko 18/8 a gindi, mayen ƙarfe baya kama shi sosai. Baba yace ai Alhaji ka zo da shiri. Amma kar wani ya ɗauki wannan gwajin a matsayin yankan hukunci, akwai silba mai araha da shima baya kamawa, kauri da nauyi a hannu su na fi yarda da su.

Inda dattijon nan ya min rana shine da yace tunda na kare ne me zai sa in sayi sabo fil mai murfi. Ya shiga ciki ya jawo wani buhu, duk kwanukan da suka fita daga saiti ne, wannan murfinshi ya ɓata, wancan ya ɗan lotsa a gefe wajen sauke kaya, amarya ba za ta karɓa ba amma ƙarfensu mai kyau ne. A nan na zaɓi biyu, babba na Taiga matsakaici na Duna, muka ɗan ja yace albarka na ƙara kaɗan ya sallama, kuɗin bai kai rabin na masu murfi ba. Girman kuwa da ido na auna, kwanon da abincin karen zai tsaya a rabinshi, saboda abincinmu ba busasshen na buhu bane, tuwo ne da romo, in ya cika taf rabi a ƙasa zai ƙare. Na Taiga na zaɓi mai ɗan zurfi don bakinshi dogo ne.

Na ga irin na Turawan nan a intanet da kuma wani shagon kayan dabbobi a Kaduna, masu zanen ƙashi a jiki da baƙar roba zagaye da gindi. Ba laifi, wanda ke da hali ya saya, amma ƙarfen ɗaya ne da na layin masu kwanuka, wani ma bai kai shi kauri ba, zanen ƙashin kawai kake biya.

Ƙanena shi kuma abin da ya ɗauke mishi hankali a hotunan shine teburin nan mai tsawo da ake zura kwano biyu a ciki kare ya ci a tsaye ba sai ya sunkuya ba, har ya yi magana da mai walda. Na kira likitan na tambaye shi yace kar a yi ma Taiga. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji irin alsashiyan suna da wata matsala, tumbinsu na iya cika da iska ya kumbura har ya murɗe, in ba a yi aiki cikin awanni ba kare ya tafi. Da can ana cewa ɗaga kwano na hana wannan, sai wani babban bincike da aka yi a jami'ar Purdue ta Amurka aka fitar a shekarar 2000 ya nuna karnukan da ake ɗaga ma kwano sun ma fi kamuwa. Yace sai dai tsohon kare mai ciwon wuya ko mai matsalar haɗiya, shima sai likita ya ce. Abin da ya fi so in kula da shi shine a raba abincin safe da yamma maimakon tuli ɗaya, kar a sake shi ya hau guje-guje da ya gama ci, kuma a rage mishi saurin haɗiya.

Saurin haɗiyar nan kuwa Taiga gwani ne, kafin ka juya baya ya share kwano ya nufi na Duna, shi kuma Duna mai yanga ne sai ya shinshina ya zagaya ya dawo. Dole na raba musu waje, ɗaya ta gefen garejin ɗaya ta bayan kicin inda basa ganin juna, yara kuma na kafa musu doka ba mai zuwa kusa da kare yana cin abinci ko da wasa. Maganin saurin kuma ba sai an sayi kwanon nan mai lungu-lungu ba, dutse na samo mai sulɓi wanda ya fi dunƙulen hannuna girma yadda ba zai shiga bakinshi ba, na wanke shi tas nake sawa a tsakiyar kwanon a zuba abinci zagaye da shi, sai ya bi gefe-gefe yana laluba. Dutsen ma kullum tare ake wanke shi da kwanon.

Sai wata sabuwa. Silba a kan siminti gudu yake, Taiga na lasa kwano na tafiya, daga bakin gareji har bakin get kana jin ƙararrr, in ya gama kuma ya buga shi da ƙafa ya yi ta ƙara, Hajiyarmu da ɗakinta ke ta wannan ɓangaren tace ita fa ba za ta iya da wannan kiɗan ba. Wani mai faci a Kwangila ne ya warware min, ina jiran ya gama min faci nake bashi labari yace Oga ɗauki tsohuwar tayar Napep ɗin can ka gwada. Wallahi ramin tsakiyar tayar daidai gindin kwanon, ya zauna daram bakinshi ya hau kan robar, ba turewa ba kifewa ba ƙara. Abu ɗaya dai, taya tana tara ruwa a cikinta da damina kuma ba inda sauro ke so irin nan, don haka na sa aka huda ta ta ƙasa wajen huɗu da jan ƙarfe sannan na cika cikin da yashi.

Kwanon abinci baya kwana a waje. Minti 15 zuwa 20 in an ci an ci, in ba a ci ba a ɗauke, saboda tuwo da romo a zafin Zariya kafin la'asar ya yi tsami, ga ƙuda, ga kiyashi da ke yin layi tun daga katanga, da dare kuma ɓeraye. Da can da jarkar nan ke zaune dare da rana har ƙadangaru sun san lokacin cin abinci. Tunda na zo kan abinci bari in faɗi wannan a gurguje, ragowar miyar gida da ta sha albasa ba ta kare bace, albasa na lalata musu jini a hankali, dafaffen ƙashin kaza kuma tsagewa yake ya yi tsini. Nasu daban ake dafawa ba albasa ba yaji.

Ruwa shine ya fi cin min lokaci, don shi ba a ɗauke shi, dole yana nan awa 24. Lissafin da likitan ya bani shine kare na buƙatar wajen mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinshi a rana, Taiga da aka auna kilo 28 ne, kenan wajen lita ɗaya da rabi, kamar ledar fiya wata uku, wannan fa a ranar da gari ba zafi. Kare baya gumi a jiki irin namu, ta haki yake fitar da zafi, harshe a waje ruwa na ƙafewa, to ka ɗauki watan Maris da Afrilu da zafi ke neman taɓa 40, abin da zai sha ya ninka. Ƙaramin kwano ba zai yi ba.

Na fara da babbar fantekar silba. Tsafta kam ba magana, amma inuwar da na ajiye ta da safe kafin azahar ta matsa, rana ta sauka a kan ƙarfe, in ka sa hannu ruwan ya yi ɗumi sosai, sai ka ga karnukan sun shinshina sun wuce sun je suna lasar inda famfon tanki ke ɗiga. Taiga kuma in zafi ya dame shi ƙafafun gaba yake zurawa ciki ya yi ta haƙa har ruwan ya ƙare, mu da muke sayen ruwa wajen 'yan garuwa in rijiya ta ja baya wannan ba abin dariya bane.

Hajiya ce tana zaune tana kallon wannan dirama tace, "Kai dai da boko. Ka samo musu kwatarniya mana, ruwan randa ya taɓa zafi ne?" Na samo wajen matan da ke sai da tukwane, na zaɓi mai faɗin baki mai kauri, na ƙwanƙwasa na ji tana ƙara ras alamar ba tsaga. Na haƙa ɗan rami a gindin dogon yaron da ke bayan gida inda inuwa bata barin wajen, na zuba yashi na binne kusan kashi ɗaya cikin uku na jikinta, in an zuba ruwa a ɗan jiƙa yashin. Yumɓu na tsattsafo da ruwa ta jikinshi iska na busarwa, shine ke sanyaya na ciki, da tsakar rana ka sa hannu ka ji shi da sanyi. Ga nauyi, ga ta a binne, Taiga ya gwada haƙarshi ya ga ba riba ya haƙura. Shan ruwansu ya ƙaru a fili don yanzu kafin yamma sai an ƙara.

Amma ba zan ce kwatarniya bata da nata ba. Tsattsafowar nan da ke sanyaya ruwa ita ce kuma ke sa ta riƙe datti, cikin 'yan kwanaki gansakuka ta fara kore a gefe, kuma ba za ka taɓa wanke yumɓu ya fita irin silba ba. Da na gaya ma likitan yace na ruwa zalla ba laifi in ana gogewa, amma kar a kuskura a zuba abinci mai maiƙo a ciki, kuma in wani kare ya yi ciwo mai yaɗuwa irin gudawar jinin nan ta fabo da ke kashe 'yan kwikwiyo, wadda ƙwayar cutarta ke iya wata da watanni a waje bata mutu ba, to a fasa ta kawai a sayi wata. Shi yasa na sayi biyu, ɗaya na aiki ɗaya na kife a rana bayan an goge ta da buroshi, ana musanyawa. Fantekar silbar ma ban yar ba, tana gaba ta wajen get cikin tayar mota, da magariba ake cika ta tunda da dare ake sakinsu kuma a can suka fi zama.

Kowane lokaci da irin nashi. Da hunturu ƙura ce, ka zuba ruwa da safe kafin yamma ya yi ja ƙasa ta kwanta a gindi. Da damina kwaɗi ne, kusan kullum da asuba sai ka tarar da wani ya baje a ciki ya fito da ido, kuma kare in ya cafki irin mai ƙurajen bayan nan bakinshi kumfa yake yi. Ga sauro, ruwan da aka bari ba a taɓa ba cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 ƙwai ya zama tsutsa ya zama sauro. Ga ɓera da ke iya fitsari a ciki, shima akwai cutar da yake sawa har mutum tana kamawa. Duk maganinsu ɗaya ne, ba a ƙara sabon ruwa a kan na jiya, kullum da safe a juye a goge a zuba sabo, wanda aka juye ɗin gindin zogale yake tafiya ba asara.

Wani ɓangaren da ba a rubuta shi a shafukan Turawa shine zaman lafiyar cikin gida. Da roba ce ko jarka kowa ya san na kare ne ko daga nesa, amma silba fa iri ɗaya ne sak da wanda muke cin abinci a ciki, ranar da na shigo da su madam ta kalle su ta kalle ni tace, "Abban yara, yanzu in yarinyar nan ta kwashe su ta haɗa da wanke-wanke fa?" Kuma gaskiyarta. Kowa ya san hadisin da ya ce in kare ya sha a ƙwaryar ɗayanku a wanke ta sau bakwai, a wata ruwayar har da ƙasa. Na tambayi limamin masallacinmu bayan isha'i, yace a mazhabarmu ta Malikiyya ba a ɗauki kare a matsayin najasa ba, wankin bakwai ɗin bin umarni ne, wasu mazhabobin kuma sun tsananta fiye da haka, amma yace, "Malam, me zai kai ka ga wannan tun farko, ka raba musu kayansu mana kowa ya huta."

Na kai su wajen mai walda ya huda kowanne a can saman baki ya goge wajen ya yi sumul, na ɗaura jar waya a hujin, sannan na shafa jan fenti a gindin ta waje, ta waje kawai banda ciki. Na kafa ƙusoshi a katangar bayan gida kusa da kejinsu, nan ake rataye su. Sosonsu daban, buroshinsu daban, bokitinsu daban, a bakin kwatar baya ake wankewa, ba abin da ke shiga kicin. Ko baƙuwa ce tazo ta ga jar waya da jan fenti ta san ba na mutane bane. Daga ranar Hajiya ta daina bin kwanukan gida da kallon tuhuma.

Wankin ba wani abu bane mai wahala, Omo da ruwa bayan kowane ci, a ɗauraye sosai don in da ƙanshin sabulu Duna baya ci. Soso mai laushi nake sa a yi amfani da shi, soson ƙarfe na karce silba a dawo gidan jiya. Sau ɗaya a mako nake jiƙa su a ruwan Hypo, murfi ɗaya na Hypo murfi 30 na ruwa, minti 10 a cire a ɗauraye a kife a rana, kar a bar shi ya kwana a ciki don yana cin ƙarfen, kuma kar a haɗa shi da wani sinadarin. Izal ban yarda a sa a abin cin su ba, na wanke ƙasan keji ne, shima sai ya bushe suke shiga. Wanda ya wanke kuma ya wanke hannunshi da sabulu kafin ya taɓa komai.

Haɓar Taiga ta washe, ko canjin kwanon ne ko abin wankin da aka rubuta ne ko duka biyun, gashin wajen dai ya dawo. Maƙwabcina da ya zo ya ga tsarin tayar shima ya je ya samo nashi, sai dai shi karenshi ƙarami ne ramin tayar ya mishi faɗi, ya ƙare da zuba siminti a tsohon bokiti ya danna kwanon a ciki ya fitar da shatin gindin, da ya bushe ya zama mazauni, nashi ma ya fi nawa kyan gani.

Yanzu abin da ya rage min kaji ne. Sun gano ruwan kwatarniya ya fi nasu sanyi, da an buɗe akurki can suke nufa, su hau baki su sha su juya su yi kashi a ciki, Duna na kwance yana kallonsu ko a jikinshi. Na matsar da nasu ruwan inuwa na ga ko za su haƙura basu haƙura ba, don haka na yi magana da mai walda zai zagaye gindin dogon yaron da wayar keji mai ɗan tsawo ya bar ƙofa ta ɓangaren karnukan, yace in kawo kuɗin waya ranar Litinin.